Baba Fasto, na tuba amma bakina bai tuba ba

"Baba Fasto barka da aiki. Shekarata shida da ba da raina ga Yesu, abubuwa da yawa sun canja a rayuwata amma bakina ya ƙi. Ina yin ƙananan ƙarya ba tare da na shirya ba, a kira ni a waya in ce gani nan a hanya alhali ko wanka ban yi ba. Kwanan nan kuma wata 'yar'uwa a ƙungiyarmu ta addu'a ta gaya mini matsalar aurenta, ni kuma na kai wa mutum biyu da sunan su taya ta addu'a, yanzu magana ta zaga ta dawo kunnenta, ko gaisuwata da ƙyar take amsawa. Na yi azumi, na yi alkawari zan kama bakina, kwana uku na koma. Shin akwai yadda mutum zai horar da bakinsa ne, ko dai in daina magana da mutane kawai?"

'Yata, salamar Ubangiji ta kasance tare da ke. Na karanta saƙonki sau biyu, kuma abin da na gani shi ne kin haɗa abu uku a ƙulli ɗaya: ƙaryar da ke zamewa daga baki kafin ki yi tunani, sirrin da aka ba ki amana kika raba, sai kuma alkawarin da kike yi wa Allah yana karyewa cikin kwana uku. Na ukun nan nake jin ya fi ci miki rai, don haka da shi zan fara.

Buɗe wasiƙar Yakubu sura 3. Ya kawo linzamin da ake sa wa doki, ya kawo ɗan abin da matuƙi ke juya katon jirgin ruwa da shi, ya kawo ƙyastu ɗaya da ke cinye daji, sannan a aya ta 7 da 8 ya faɗi abin da masu wa'azi da yawa muke tsallakewa da sauri, wai ɗan adam ya horar da namun daji da tsuntsaye da masu jan ciki da na cikin teku, amma harshe kam babu mutumin da ke iya horar da shi. Toh kin ga kenan kwana ukun nan naki ba wani sabon abu ba ne, an riga an rubuta shi tun ƙarni na farko. Kuma shi Yakubun da kansa ya sa kansa a ciki, a aya ta 2 ya ce dukanmu muna tuntuɓe ta hanyoyi da yawa. Ban faɗi haka don ki saki jiki ba fa, shi dai wannan Yakubun ne a 1:26 ya ce wanda yake ganin shi mai ibada ne amma bai kame harshensa ba, ibadarsa banza ce. Abin da nake so ki gane shi ne kin kama matsalar ta wutsiya ne, shi ya sa take ta kuɓuce miki.

Daga ina maganar take fitowa

Yesu ya ce a Matiyu 12:34 abin da ya cika zuciya shi baki ke furtawa. Mu kan ce labarin zuciya a tambayi fuska, ni kuwa bayan shekarun da na yi ina zama da mutane a ofishin coci sai in ce a tambayi baki, ya fi fuska tonon asiri. Idan kika yi alkawarin kama baki kawai, kamar kin danne murfin tukunya ne wuta na ci a ƙasa, hannunki zai gaji.

Duba Ibrahim a Farawa 20. Ya ce wa sarki Abimelek matarsa Saratu 'yar'uwarsa ce, kuma da aka titsiye shi ya ce ai gaskiya ne, ubansu ɗaya uwa ce kowa da tasa. Babu kalma ɗaya ta ƙarya a bakinsa amma ya yaudari mutumin sarai, har ya kusa jefa gida guda cikin masifa. Dalilin kuma shi da kansa ya faɗa a aya ta 11, tsoro yake ji kar a kashe shi saboda matarsa. Kuma ba karon farko ba kenan, ya riga ya yi wa Fir'auna irinta a sura 12. Hananiya da Safiratu kuma a Ayyukan Manzanni 5, da suka sayar da gona suka ɓoye wani kashi na kuɗin suka nuna kamar duka suka kawo, nasu ba tsoro ba ne, Bitrus ya gaya wa Hananiya ƙarara cewa gonar tasa ce, kuɗin ma bayan ya sayar nasa ne, ba wanda ya ce dole ya kawo duka. Sun dai ga yadda Barnaba ya sayar da gonarsa ya kawo kuɗin a ƙarshen sura 4, su ma suna son irin wannan sunan amma da rangwame.

Yanzu dawo kan "gani nan a hanya" taki. Me take karewa? Na tabbata ba mugunta ba ce. Ba kya son a ce miki mai latti, ba kya son jin wannan ɗan shirun da mutum zai yi a waya in kin ce yanzu zan shiga wanka. Wato kin sayar da gaskiya don ki sayi minti biyu na ganin girmanki a idon wani. Kowace ƙaramar ƙarya tana gadin wani abu, ko suna, ko kuɗi, ko zaman lafiyar da ba ta da tushe, kuma sai kin gano abin da take gadi ne za ki san abin da za ki kai gaban Allah. Addu'ar "Ubangiji ka kama bakina" tana da kyau, Dawuda ma ya yi ta a Zabura 141:3, amma addu'ar "Ubangiji ina tsoron mutane su raina ni fiye da yadda nake tsoronka" ta fi zuwa inda ciwon yake.

Af, tunda muna kan wannan, ki lura da yawan rantsuwa. Wallahi, na rantse, Allah shi ne shaida, a kan abin da bai kai ya kawo ba. Yesu a Matiyu 5:37 ya ce i ɗinku ya zama i, a'a ya zama a'a. Mutumin da sai ya rantse ake yarda da shi ya riga ya sanar cewa maganarsa hawa biyu ce, akwai ta yau da kullum wadda ba a dogara da ita, akwai ta rantsuwa. Kiristocin nan da ake kira Kwekas a Ingila a ƙarni na 17 sun sha ɗauri saboda sun ƙi rantsuwa ko a gaban alƙali, hujjarsu kenan, wai maganarsu hawa ɗaya ce. Ban ce ki ƙi rantsuwar kotu ba, yawancin ikkilisiyoyi ba su fahimci ayar haka ba, amma ta cikin hira kam gwada ki ajiye ta ki ga yadda za ki fara auna abin da za ki ce.

Gulmar da ta sa rigar addu'a

Nan zan ɗan daɗe, don wannan ita ce cutar masu bi ta musamman. Mashayi ya san yana shan giya, mazinaci ya san abin da yake yi, amma mai gulma a coci sau da yawa ji take tana hidima. "Mu sa wance cikin addu'a, kun san halin da take ciki da maigidanta..." sai kunnuwa su miƙe, a yi minti ashirin ana bayani, addu'ar kuma minti ɗaya, wani lokacin ma a manta da ita gaba ɗaya.

Mutane sukan ce mini, amma Fasto ai gaskiya ce na faɗa ban ƙara komai ba. John Wesley, mai wa'azin Ingila na ƙarni na 18, yana da wani wa'azi a kan maganin muguwar magana, ya ɗora shi a kan Matiyu 18:15 zuwa 17, kuma abin da ya nace a kai shi ne gulma daban take da ƙazafi. Ƙazafi ƙarya ce. Gulma kuwa ko da kowace kalma gaskiya ce, muddin laifin wani ko aibinsa kike faɗa a bayan idonsa ba tare da dole ba, kin yi ta. A 1752 shi da ɗan'uwansa Charles da wasu abokan aikinsu har takarda suka sa wa hannu, cewa ba za su saurari mugun labari a kan junansu ba balle su je nemansa, in sun ji kuma ba za su yi saurin gaskatawa ba, za su kai wa mai maganar kai tsaye, kuma kafin su yi hakan ba za su furta wa kowa ko kalma ɗaya ba. Manyan masu wa'azi ne fa, amma sun san bakinsu har ya kai su rubuta yarjejeniya.

Akwai wani abu a Helenanci da ya taɓa tsorata ni ranar da na fara ganinsa. Kalmar da Sabon Alkawari ke kiran Iblis da ita, diyabolos, asalin ma'anarta mai ɓata suna, mai kai ƙara. Ita wannan kalmar Bulus ya yi amfani da ita a 1 Timoti 3:11 da Titus 2:3 da yake cewa kada mata masu hidima da tsofaffin mata su zama masu yanke. Kuma kar ki ce da mata kaɗai yake, a 2 Timoti 3:3 ya sake kawo ta a kan mutane gaba ɗaya, ni kuma a gaskiya gulmar da ta fi yi wa ikkilisiya ɓarna a idona ta taron dattawa ce.

Ni ma na taɓa yi, kuma tawa ta fi taki muni don daga kan bagade na yi ta. Ina sabon fasto wani mutum ya zo ya buɗe mini cikinsa a kan bashin da ya ci ya kasa biya, bayan sati biyu ina wa'azi sai na ga ai labarin nan zai yi daidai da darasin, na kawo shi ban ambaci suna ba, na canja 'yan abubuwa. Ina tsammanin na yi wayo. Kafin a tashi rabin jama'a sun gane ko wane ne, shi kuma yana zaune a benci na huɗu kansa a sunkuye. Ya yi watanni bai zo ba. Da na zauna na tambayi kaina me ya sa na yi haka, amsar ba daɗi, so nake a ce fasto ya iya wa'azi mai taɓa zuciya, kuma a san mutane suna kawo mini sirrinsu. Ki tambayi kanki irin wannan tambayar a kan mutum biyun nan. Me kika ji a ranki lokacin da kike ba su labarin? In da akwai wani ɗan daɗi na cewa ke ce kika sani su ba su sani ba, to kin samo saiwar.

Abin da na ga yana aiki

A cikin duk abin da na gwada a kaina da mutanen da nake kiwo, babu wanda ya kai komawa a gyara nan take. Kin ce gani nan a hanya, kin kashe waya, sai zuciyarki ta buga. Ki sake kira ko ki tura saƙo: yi haƙuri, abin da na faɗa ɗazu ba haka ba ne, yanzu nake shiri, ba ni minti arba'in. Abin kunya ne sosai, na sani, kuma kunyar ce maganin. Yanzu ƙarya arha take miki, ba ta cin ko sisi, shi ya sa baki ke miƙa hannu ya ɗauko ta da kansa. Ranar da bakinki ya koyi cewa duk ƙaryar da ya yi sai ya koma ya kwance ta a gaban mutum, zai fara taka birki tun kafin ta fita. Waɗanda suka riƙe wannan da gaske sukan dawo su ce mini bayan 'yan makonni sun fara jin ƙaryar tana tahowa tun daga maƙogwaro. Wannan ya fi alkawarin "ba zan ƙara ba" nesa ba kusa ba, don alkawari na gobe ne, gyara kuwa na yanzu ne.

Ni tawa ƙaryar ta fastoci ita ce "zan sa ka a addu'a". Na faɗe ta sau ba adadi na manta kafin in kai gida. Yanzu in mutum ya ce in yi masa addu'a, a tsaye a nan muke yi ko da rabin minti ne.

Da dare kafin ki kwanta ki ɗan bi ranar da tunani, hira bayan hira, ba don ki yi ta dukan kanki ba, ki ga dai ina aka zame kuma me ake gadi a wurin. Ki furta wa Allah laifin, ki kira shi da sunansa, alkawarin gafara na 1 Yahaya 1:9 na nan daram. In kina da wata babbar 'yar'uwa a cikin bangaskiya wadda ba ta da surutu, ki ba ta izini ta riƙa tambayarki sau ɗaya a sati.

Kunne ma yana cikin horon. Karin Magana 26:20 ta ce in ba itace wuta mutuwa take, in ba mai tsegumi faɗa ya ƙare, kuma mai sauraro shi ke miƙo itacen. Tambaya ɗaya nake koya wa mutane, in an fara kawo miki labarin wani ki ce cikin sanyin murya, kin yi magana da ita kuwa? Ba sai kin yi wa kowa wa'azi ba, tambayar kaɗai ta isa ta sanyaya hirar. Waya kuma baki ce, yatsa ma harshe ne. Abin da aka turo a guruf na WhatsApp kika tura gaba ba ki tabbatar ba, kin zama mai shaida a kansa, doka ta tara a Fitowa 20:16, wadda ta hana shaidar zur, ba ta ware abin da aka rubuta ba. Magana zarar bunu ce tun can, balle yanzu da ake ajiye saƙon murya shekara da shekaru.

In daina magana kawai?

A'a. Shiru yana da wurinsa, kuma tsofaffin masu bi sun ɗauke shi da muhimmanci. Ana ba da labarin wani Abba Agaton cikin masu zaman hamada a Masar wai ya yi shekara uku da tsakuwa a baki har ya koyi shiru, dokar da Benedik ya rubuta wa masu zaman zuhudu a ƙarni na 6 ma ta ware sura guda, ta shida, a kan kame baki. Ɗan shiru na rabin yini ko fita daga wani guruf na wata ɗaya zai nuna miki abubuwa da yawa game da kanki. Amma kalli yadda Bulus ya jera maganarsa a Afisawa 4. A aya ta 28 bai ce ɓarawo ya daina sata ya naɗe hannu ba, ya ce ya yi aiki har ya sami abin ba mabukaci. Aya ta 29 haka take tafiya, kada ruɓaɓɓiyar magana ta fito, kalmar da ya yi amfani da ita ita ce ake faɗa wa lalataccen kifi da ruɓaɓɓen 'ya'yan itace, sai dai maganar da za ta gina mai ji daidai da bukatarsa. Ke mai magana ce, na ga alama daga rubutunki, kuma mutane suna sakin jiki da ke tunda har aka ba ki sirrin aure. Baiwa ce wannan. Ki sa ta aiki, ki yabi mutum a bayan idonsa da abin da yake gaskiya, ki kira wanda aka manta da shi, ki ce na gode dalla-dalla.

Sannan shiru ma yana ƙarya. "Ba komai" alhali akwai komai, kawaicin da ake yi a fuska a je a amayar a wani wuri. Gulma da yawa daga nan take haihuwa, abin da aka kasa faɗa wa mai shi ne ake kai wa maƙwabta. A ɗaya gefen kuma akwai masu cewa ni dai ba na ɓoye gaskiya, alhali sanda ce a hannunsu suna neman wanda za su maka wa. Annabi Natan ya je wa sarki Dawuda da magana mafi ɗaci a kan zunubinsa a 2 Sama'ila 12, amma ya zo da labarin matalauci da 'yar tunkiyarsa, ya bar sarki ya yanke wa kansa hukunci kafin ya ce kai ne mutumin. Ya yi tunanin yadda maganar za ta shiga, kuma ga shi ta shiga, Zabura 51 ce shaida.

Akwai wuraren da masu bi na kirki suka rabu, ba zan ɓoye miki ba. Ungozomomin Ibraniyawa Shifra da Fu'a a Fitowa 1 ba su gaya wa Fir'auna gaskiya ba kuma Allah ya yi musu alheri, Rahab ta ɓoye 'yan leƙen asiri a Joshuwa 2 ta ce wa masu nemansu sun tafi. Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, ya rubuta littafi biyu a kan ƙarya, ɗaya wajen shekara ta 395 ɗaya wajen 420, matsayinsa shi ne babu ƙaryar da ta halatta ko don ceton rai, amma mutum na iya ƙin faɗa, har ya kawo misalin wani bishop da aka azabtar don ya nuna inda ya ɓoye mutum, ya ce ba zan yi ƙarya ba kuma ba zan bashe shi ba. Dietrich Bonhoeffer, faston Jamus da 'yan Nazi suka rataye a 1945, ya kalli abin ta wata fuska yana kurkuku, ya kawo yaron da malami ya tambaya a gaban aji ko babansa yana dawowa gida a buge, yaron ya ce a'a, shi a ganinsa laifin ya fi komawa kan malamin da ya yi tambayar da ba hurumin aji ba ce. Ni na fi karkata ga cewa ba kowa ke da haƙƙin jin komai ba, kuma "wannan ba zan iya faɗa ba" amsa ce ta gaskiya cikakkiya. Amma a duk shekarun nan ban taɓa zama da wanda ƙaryarsa irin ta Rahab ce ba, namu duk na latti ne da ciniki da kare fuska.

Daga nesa nake ba ki amsa, ban ga fuskarki ba. In kika lura ƙaryar tana fita ko a inda babu abin karewa sam, ko kuma kin taso a gidan da faɗin gaskiya ke jawo duka, to wannan yana son zama ido da ido da fastonki ko mai ba da shawara wanda ya san aikin, fiye da abin da rubutu zai iya yi.

Ita 'yar'uwar taki

Matiyu 5:23 da 24 ta ce in kin tuna ɗan'uwa yana da wata magana a kanki, ki bar baikon a gaban bagade ki je tukuna. Ki same ta ita kaɗai, ba ta saƙo ba in dai za ta yarda ku haɗu. Kar ki ce "in na ɓata miki rai", kin san kin ɓata. Kar ki ce don a taya ki addu'a na yi, wannan kare kai ne kuma za ta ji shi. Ki ce kin ba ni amana na ci, na gaya wa mutum biyu, ki faɗi ko su wane ne don tana da haƙƙin sanin inda maganarta ta kai, ki roƙi gafara, ki yi shiru ki bar ta ta faɗi duk abin da ke ranta ko da zafi. Su ma biyun ki koma musu ki ce abin da na gaya muku ba nawa ba ne, na yi kuskure, don Allah ya tsaya a nan.

Ba zan yi miki alkawarin za ta sake ba ki sirrinta ba, mai yiwuwa ta yafe amma ta ja jiki, kuma tana da dama. Mutumin nan nawa ya dawo coci daga baya, muna gaisawa da fara'a har yau, amma bai ƙara zama a ofishina ya buɗe mini cikinsa ba. Ki ci gaba da gaishe ta ko da ƙyar take amsawa. Kuma in kun gama, kar ki je ƙungiya ki ba da shaidar yadda Ubangiji ya taimake ki kika nemi gafarar wata 'yar'uwa, kowa zai gane ko wace ce, kin sake tona ta karo na uku kenan.